Hatimin Mista Penhale

Bernadette Tilling ce ta uku a layi, rungume da jakar takardu, tana kallon Anjali Kotecha tana jefa wa wani dillali tambayoyi har gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Sha ɗaya da rabi na safiyar Alhamis, Zaure, kasuwar inshorar jiragen ruwa ta London, ya cika maƙil, surutu na tashi hawa-hawa kamar na tashar jirgin ƙasa. Saura kashi goma sha biyu cikin ɗari takardarta ta cika. In Kotecha ta buga hatimi, jirgin ruwan 'yan Norway ya samu inshora ke nan, gobe da tsakar rana ya bar tasha. Kamata ya yi a ce tana murna, amma tun ranar Litinin murna ta ƙi zuwa.

A Zauren nan namu ba wanda ke ɗaukar kasadar jirgi guda shi kaɗai. Dillali ne ke yawo da takarda daga tebur zuwa tebur, teburan da mukan kira akwati, wannan kamfani ya ɗauki kashi ashirin, wancan goma, har ta cika ɗari. Amma wanda ya fara bugawa shi ne komai. Shi ke karantawa, shi ke yanka farashi, shi ke gindaya sharaɗi. Sauran kuwa, in za a faɗi gaskiya, hatiminsa suke dubawa kafin su dubi jirgin, wasu ma daga hatimin ba sa ƙara duba komai. Hatimin da ke saman takardar Bernadette, wadda kowa ke kira Bernie, na Aubrey Penhale ne, kuma mutum shida sun riga sun bi shi ba tare da sun buɗe shafi na biyu ba.

Jirgin kuwa irin na zamani ne, wanda ba ko mutum ɗaya a cikinsa. Abincin kifi zai riƙa kaiwa tsakanin tsibirai, wasu mutum huɗu na zaune a ofis a birnin Bergen na Norway suna tuƙa shi ta tauraron ɗan adam, suna shan kofi. Manyan akwatuna biyu da ta fara kai wa sun ce a kai kasuwa. Masu jirgin sun fara maganar tafiya Singapore. Sababbin masu kamfanin da take wa aiki kuma sun fara ƙirga dillalan da suka haura shekara hamsin, ita kuwa hamsin da ɗaya gare ta. Shi ya sa ranar Litinin ta ɗauki takardar ta nufi akwatin Penhale, tsohon da ya koya mata aikin.

Dillalin da ke gaban Kotecha ya tashi jiki a sanyaye, na biyu ya ce ta wuce, shi sai ya ƙara shiri. Bernie ta zauna a kan kujerar dillalai, wadda aka yi ta gajeruwa da gangan, ta miƙa takarda. Kotecha ba ta kai arba'in ba, kuma duk abin da ya shafi masu kutsen kwamfuta da jirage marasa matuƙi da sauran fitintinun da kakanninmu ba su sani ba, wurinta ake kaiwa. Halinta ɗaya da dillalai suka tsana: tana karatu. Ta dubi hatimin Penhale, ta ɗaga gira, sannan duk da haka ta buɗe shafi na biyu, na uku, na huɗu. Bernie ta kama bayani a kan sabon injin da batirinsa da gwanintar 'yan Norway. Kotecha na gyaɗa kai tana juya shafi. A na goma sha huɗu hannunta ya tsaya.

"Minti arba'in da biyu," in ji ta. "Ranar gwaji sadarwa ta yanke, jirgi na tafiya minti arba'in da biyu ba mai ganinsa ba mai juya shi?"

Bernie ta ce an gyara, sun canja na'urar. Kotecha ta ce masu jirgin ne suka ce sun gyara, wa ya gwada bayan su? Bernie ta ce za a gwada. Kotecha ta aje alƙalami ta jingina da kujera.

"Mista Penhale ya ga wannan?"

"Yana cikin takardun da ya buga wa hatimi."

Kalma ɗaya ba ƙarya a cikin amsar, kuma Bernie ta daɗe tana gogar ta a zuciya don ranar irin wannan. Kotecha ta sake duban hatimin. Ta ce ita da a gabanta aka fara ajiye takardar nan da ba ta taɓa ta ba sai an sa mutane a cikin jirgin. Amma ita kwamfuta ta sani, shi kuwa teku ya sani, shekara arba'in da ɗaya yana shaƙar warinta. In ya ga wannan shafi ya buga a haka, to akwai abin da ya hango wanda ita ba ta hango ba. Ta jawo hatiminta ta danna, ta rubuta kashi goma sha biyu, ta sa hannu da kwanan wata.

Tana miƙo takardar ta yi 'yar dariya ta ce, "Na san da ya yi miki tambayar nan tasa, nan kika nuna masa. Da ina wurin in ga fuskarsa."

Bernie ta yi murmushi. Murmushin ya isar, Kotecha ta kira na gaba.

Tambayar Penhale kowa ya san ta a Zaure, har yaran dillalai na kwaikwayonta a mashaya. In ka gama zuba masa bayani, ka yabi jirginka har ka gaji, sai ya haɗa yatsunsa ya ce, to, me kuma ba ka so in sani? Bernie na da shekara goma sha tara aka fara yi mata ita. A lokacin 'yar mai tuƙa ƙugiyar ɗaga kaya ce daga tashar jiragen ruwa ta Tilbury, da takalmin aro da harshen da ake yi wa dariya a bayan idonta. Sau uku ya kore ta, ya ce ta je ta koyi jirginta har ta iya ba da labarinsa ba ta kalli takarda ba, takarda ta lauyoyi ce, shi baki yake son ji. A karo na huɗu ya yi mata tambayar, ta gaya masa cewa kyaftin ɗin jirgin mashayi ne, abin da shugabanta na wurin aiki ya ce kada ta kuskura ta faɗa. Ya yi dariya har da buga tebur, ya buga mata hatiminta na farko a duniya. Tun daga ranar yake kiran ta 'yar Tilbury, kuma shekara talatin da biyu bai taɓa buɗe takardarta don ya binciki maganarta ba.

Ranar Litinin ma ya yi tambayar. Ta ce, babu, yallaɓai, duk yana cikin takarda.

Abin da ya sa wannan amsa ta zama abin da ta zama shi ne wani abu da ita kaɗai ta sani cikin dillalai. Shekara biyu da suka wuce, wata ranar Laraba, Penhale ya buga mata hatimi kai a ƙasa, ya sa hannu, bai lura ba. Ta dube shi, sai ta ga idanunsa na kallon gefen kunnenta a maimakon fuskarta. Nan ta gane ganinsa yana tafiya. Daga ranar, duk sanda ta kawo takarda, sai ta juya masa ita daidai ta ɗora yatsa a inda hatimi zai sauka, shi kuma ya bi yatsan. Ba su taɓa maganar ba ko sau ɗaya. Mataimakiyarsa Dilys ce ke shigar da komai a kwamfuta daga baya, tana yi tana karanta masa abin da ya kamata a hankali, Zaure kuwa ya ɗauka taurin kan tsufa ne ya hana shi taɓa na'ura. Saura masa wata goma sha huɗu ya aje aiki, kuma burinsa ɗaya ne, ya fita da ƙafarsa, ba a kama hannunsa a fitar da shi ba. Makon nan Dilys na hutu a Portugal. Bernie ta san da haka kafin ta zaɓi ranar Litinin.

Ba ta kai ga matakala ba wayarta ta yi ƙara. Hugo Fairlie ne, shugabanta, wanda labari ya riga ta isa wurinsa kamar yadda ya saba. Ya ce ta kashe zaki, ya ce tsohon hannu daban ne, ya ce ya kama tebur a gidan cin abincin teku, ƙarfe ɗaya, har da wakilin masu jirgin daga Norway. Ya tambaye ta yadda ta shawo kan tsohon, shi da aka ce yanzu in jirgi bai da bututun hayaƙi ba ya sauraro. Ta ce tana da ciwon kai, su ci ba ita. Ya ce to ta huta, ta cancanta.

A hanyar fita ta bi ta gaban babban littafin nan da ake rubuta jiragen da suka nutse, wanda har yau da gashin tsuntsu ake rubutu a cikinsa saboda mu mutane ne masu son tsohon abu in dai ba zai hana mu ciniki ba. Shafin ranar fari ne tas. Ta tsaya tana kallonsa har mai jar rigar da ke gadinsa ya tambaye ta ko wani jirgi take nema. Ta ce a'a, ta fita.

Ana yayyafi. Ta sayi burodi da cuku a wata 'yar rumfa, ta shiga lambun tsohuwar cocin da ke bayan ofisoshi, ta zauna a benci mai danshi. Nan ta kafa kotu a cikin kanta, ita ce lauya ita ce mai laifi. Lauyar ta iya magana. Ta ce doka ta ce a bayyana, an bayyana, ga shi nan baƙi a kan fari a shafi na goma sha huɗu. Ta ce aikin dillali kare mai jirgi ne, karatu kuwa aikin mai hatimi ne, in mutum ba ya gani ai ba ita ta aike shi ya zauna a akwati ba. Ta ce jirgin ba kowa a ciki, ko ya nutse ba gwauruwa ba maraya. Ta ce wataƙila ma an gyara ɗin, ya yi shekara ashirin yana kai abincin kifi lafiya lau, ba wanda zai taɓa buɗe shafin nan har abada. Duk gaskiya ne, kuma ba ɗaya da ya wanke ta.

Abin da ya ƙi barin ta shi ne muryar Kotecha da ta ce akwai abin da ya hango. Ba abin da ya hango. Mutum bakwai sun jera sunayen kamfanoninsu a bayan idon da ba ya gani, kuma ita ta jera su. In abin ya faru, in jirgin ya yi tafiyarsa ta minti arba'in da biyu ya bi ta kan wani kwalekwalen masunta, ba wanda zai ce Bernadette Tilling ta yi laifi. Cewa za a yi Penhale ya tsufa, ya buga abin da bai karanta ba. A binciko dalili, a gano idon, sunan shekara arba'in da ɗaya ya tafi a mako guda. Ta tuna ranar da aka binne mahaifinta, yadda ya shiga jirgin ƙasa har Tilbury da baƙar kwat, ya tsaya can baya cikin ruwa, daga baya ya zauna a kicin ɗin uwarta ya sha shayi a kofi mai tsagaggen baki yana yabon wainar da kowa ya san ta ƙone. Kunya ta rufe ta a kan bencin nan, ita kaɗai, ba mai kallonta sai tattabaru, har sai da ta sa hannu ta rufe fuska.

Ta kuma san abin da za ta rasa in ta koma. Ba cinikin ba ne, ko da yake shi ma zai iya tafiya. Mutum ɗaya ne a duk birnin London da in ta ce abu kaza ne yake karɓa ba ya dubawa. Ta watsa wa tattabarun burodin ta tashi.

Biyu da rabi Zaure ya sake buɗewa. Layin Penhale kullum shi ne mafi tsawo, don ba ya gaggawa, kuma ba ya yarda a kama wa wani wuri. Ta tsaya ta biyar. Bayanta Fergus Mulrooney ya iso, ƙaton dillalin jiragen dakon mai, yana warin giyar da ya sha da abincin rana.

"A'a, sarauniyar jirgin fatalwa," in ji shi. "An ce takardarki ta cika tun kafin azahar. Me kuma kike nema a layin tsoho, albarka?"

"Na manta laima a wurinsa."

"Laima. To Allah ya sa ki same ta. Ni fa ki gaya mini abin da kike ba shi. Shekara ashirin ina zuwa nan yana tatsa ta kamar saniya, ke kuwa minti biyar kin tashi da hatimi."

"Gaskiya nake gaya masa, Fergus. Ka gwada wata rana."

Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wannan kam ta fi ƙarfinsa, yana da 'ya'ya a makaranta. Ita kuwa maganar ta fito ne da kanta, irin ba'ar da ta saba mayar masa shekara da shekaru, sai bayan ta fita ta ji abin da ta ce. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta har layi ya zo kanta.

Penhale na zaune a miƙe kamar an sa masa sanda a baya, kwat mai 'yar ciki, farin gashi a kwance, kofin shayi a dama da hatimi a hagu, kowanne a inda hannu zai same shi ba lalube. Tun kafin ta zauna ya yi murmushi, don ya san tafiyarta.

"'Yar Tilbury. An ce mini kin cika. Har da yarinyar can mai karanta komai. Na ce musu ai ba mamaki."

Ta zauna. Ta fito da takardar ta aje a gabansa, ta buɗe shafi na goma sha huɗu, ko da yake ta san buɗewar ba ta da amfani. Ta shirya kalmomi tun daga lambun coci, masu laushi, masu zagaye. Da ta buɗe baki ba ɗaya da ta zo.

"Yallaɓai, ranar Litinin ka tambaye ni abin da ba na so ka sani. Na ce babu. Akwai."

Ta gaya masa, murya ƙasa-ƙasa don kada layi ya ji. Ranar gwaji, yankewar sadarwa, minti arba'in da biyu, gyaran da ba wanda ya gwada. Bai motsa ba. Da ta gama ya tambaye ta a ina jirgin yake lokacin da ya makance. Ta ce a mashigin da ke tsakanin tsibirai biyu. Ya tambaya ko ana kamun kifi a wurin. Ta ce ana yi. Ya gyaɗa kai. Shi ɗan kyaftin ɗin jirgin kamun kifi ne daga gaɓar Cornwall, ba sai an yi masa bayanin abin da babban jirgi ba mai tsaro ke yi wa ƙarami ba.

"Su nawa suka bi ni?"

"Bakwai."

"Kotecha ba ta gani ba?"

"Ta gani. Ta ce da ita ce ba za ta taɓa ba. Ta buga ne saboda kai."

Nan ne fuskarsa ta canja. Ba fushi ba ne, da fushi ne da ta fi samun sauƙi. Ya ɗauki kofin shayi ya mayar bai sha ba.

"Kin san Dilys ba ta nan makon nan."

"Na sani."

"Kin kuma san..." Ya ɗaga yatsa ya taɓa gefen idonsa.

"Na sani, yallaɓai."

Shekara biyu suna ɗauke da wannan magana tsakaninsu kamar ƙwai, yau ta fito, kuma ga yadda ta fito. Bernie ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yi sauri ta ce akwai mafita. Ya soke hatiminsa kawai, ita za ta zagaya ta gaya wa sauran cewa rahoton gwajin a makare ya iso, ba ya cikin takardun da ta nuna masa ranar Litinin, laifin ofishinta ne. Ba wanda zai san komai game da shi.

"Wato ki yi mini kyautar ƙarya ta biyu don ta goge ta farko," in ji shi. "Na gode. Hatimin nawa ne. Ba wanda ya riƙe hannuna. Na zauna a nan shekara biyu ina sayar wa mutane ido, alhali kunne kawai ya rage mini. Ke kin ga ƙofa a buɗe kin shiga. Amma ni na bar ta a buɗe."

Ya lalubi aljihun 'yar cikinsa ya fito da ɗan makulli, ya buɗe aljihun tebur na ƙasa. Abin da ya fito da shi yana cikin kwalinsa har yanzu, da takardar asibitin ido a manne a jiki. Ya yage kwalin. Madubin ƙara girman rubutu ne, babba kamar faranti, mai mariƙi da 'yar fitila a ƙasa, irin wanda ake bai wa waɗanda ganinsu ya kusa ƙarewa. Ba abin da za ka iya ɓoyewa a tafin hannu ba ne.

"Yallaɓai, layi na kallo," in ji Bernie.

"Na san inda nake zaune."

Ya kunna fitilar. Ya jawo shafi na goma sha huɗu, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa madubin, ya karkata kai gefe don ya kama rubutun da ɗan abin da ya rage masa, ya fara bin layi da yatsa, kalma bayan kalma, leɓɓansa na motsi. Surutun layin ya mutu. A akwatin da ke kusa wani ya taɓa wani. A Zauren nan labari ba ya buƙatar ƙafa. Kafin a tashi aiki zai kai hawa na sama inda shugabannin kamfaninsa suke, kuma kowa a layin ya san wata goma sha huɗun nan sun zama kwanaki.

Minti ashirin ya ɗauka a kan shafi ɗaya. Bernie na zaune a kan gajeruwar kujera, hannuwa a cinya, ba ta da inda za ta kai idonta. A cikin shekara talatin da biyu wannan ne karo na farko da ya karanta takardarta.

Da ya gama ya ɗauki alƙalami. Bai ce ta rubuta masa ba. A ƙarƙashin madubin, da manyan baƙaƙe masu hawa da sauka, ya rubuta sharaɗinsa: mutum biyu ƙwararru a cikin jirgin duk tafiya, masu iya karɓar tuƙi da hannu, har sai wani mai bincike da ba na masu jirgin ba ya gwada sadarwar kwana casa'in ba yankewa. Ya ƙara farashi. Ya ce ya san 'yan Norway za su yi ihu, don sun ƙera jirgin ne don kada su biya kowa albashi, in sun ga dama su tafi Singapore. Amma jiragen nan zuwa za su yi ko muna so ko ba ma so, gara a koya musu tafiya da mutum a gefe kafin a sake su. Ya ce za ta koma wurin bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, yau, ta buɗe musu shafin da hannunta ta gaya musu da bakinta, kowa ya sake bugawa ko ya janye. Ya ce ta fara da Kotecha.

Ta ce to.

Ya miƙa hannun hagu ya ɗauki hatimi. Hannunta ya riga tunaninta: ta juya takardar daidai, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin sabon rubutun, inda ya kamata ya sauka.

"Ɗauke yatsanki, Misis Tilling."

Ta ɗauke. Ya nemi wurin da madubinsa, ya ɗan daɗe, sannan ya danna. Hatimin ya sauka a karkace, gefensa ya hau kan kalmar ƙarshe, amma kansa na sama. Ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya tura mata takardar.

Ba ta tashi ba. Duk dillalin da ya zauna a kujerar nan ya san ba a tashi sai an yi tambayar, kuma yau tana da amsa, ta gaskiya, babu sauran komai. Ta jira ya haɗa yatsunsa. Ya goge madubin da hankici, ya aje shi a fili kusa da kofin shayi, ya ɗaga kai ya dubi wajen da layi yake.

"Na gaba."

Ta tattara takardunta ta ba Fergus wuri. Layin Kotecha ya kai mutum tara, ta je ta tsaya a ƙarshensa.